Hannu da Hannu Ake Sauke Amana

A makon farko na Satumbar 1939, kafin bam ko ɗaya ya faɗo a Landan, mutanen birnin suka yi wa kansu wata ɓarna da aka daɗe ba a son tayar da zancenta. Ranar 3 ga wata Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus. Kafin mako ya zagayo an kashe karnuka da maguna kimanin 400,000 a Landan kaɗai, wato kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ke gidajen birnin. Masu su ne da kansu suka kawo su, wasu a kwando, wasu da igiya a wuya, suka bi dogon layi a ƙofar asibitocin dabbobi suna jiran a zo kansu.

Mafarin abin wata ƙasida ce. 'Yan watanni kafin yaƙin an kafa kwamiti don ya duba makomar dabbobi idan jirage suka fara ruwan wuta. Kwamitin ya shawarci jama'a cewa mai hali ya aika da dabbarsa ƙauye, wanda kuma ya rasa inda zai kai ta, to kashe ta shi ne tausayi. Jaridu suka buga, rediyon BBC ya karanta. Mutanen da tsoro ya riga ya cika musu ciki suka riƙe rabin ƙarshe na shawarar, suka saki rabin farko. Maganin da ake shaƙa wa dabba ta mutu cikin barci ya yi ƙaranci. Tandunan ƙona mushe suka gaza, domin dokar kashe fitilu ta hana a hura su da dare. Sai da ƙungiyar PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 don yi wa dabbobin talakawa magani kyauta, ta ba da wani fili nata a Ilford aka yi ta binnewa. Ƙiyasin da aka fi kawowa na ƙasar baki ɗaya ya kai 750,000. Masaniyar tarihi Hilda Kean ta bi diddigin lamarin, ta fitar da littafi a kansa a 2017.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu dokar da ta tilasta wa kowa. Ba a fara rabon abinci da kati ba sai Janairun 1940. Ruwan bama-bamai a kan Landan bai kankama ba sai Satumbar 1940, shekara guda cur bayan wancan layi. Kuma waɗannan mutane ba azzalumai ba ne. Da yawansu sun tsaya a layin suna hawaye, kuma ba a daɗe ba aka fara ganin sanarwar ta'aziyya da nadama a mujallun masu kiwon karnuka. An nuna musu ƙofa biyu, ko ka riƙe dabbar ta mutu a cikin wuta da yunwa, ko ka kashe ta da wuri, suka yi gaggawar zaɓa, alhali akwai ƙofa ta uku.

Wasu sun gan ta. Nina Douglas-Hamilton, matar wani babban basarake na Sikotilan, ta yi kira ta rediyo ga duk mai fili ko ɗaki ya karɓi dabbar wani, ita ma ta mayar da gandunta na Ferne mafaka, kuma gidan da ya samo asali daga wannan yunƙuri yana aiki har yau. Gidan karnuka na Battersea shi ma bai rufe ba. Da 'yan ma'aikata ƙalilan ya ciyar da karnuka kimanin 145,000 a tsawon yaƙin.

Shi Battersea ɗin wata mata ce mai suna Mary Tealby ta fara shi a 1860, a wani tsohon barga a unguwar Holloway, domin karnukan da suka ɓata ko yunwa ta kama su a titi. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, ta ce ina dalilin gina wa kare gida alhali ga bayin Allah suna kwana a waje. Ta rasu a 1865 ba ta ga inda aikinta ya kai ba. An koma da gidan Battersea a 1871, aka fara karɓar maguna a 1883. Magen nan Larry da ke zaune a gidan firaministan Birtaniya tun 2011 daga can aka ɗauko shi.

Na san cikin irin waɗannan gidaje ne ta dalilin wani aminina, lokacin da muke zaune a wani birni na arewacin Ingila. Ya kammala karatunsa, shi da iyalinsa za su koma gida. Suna da mage baƙa mai farin tabo a goshi, yara suna ce mata Tauraruwa. Tun tana 'yar mitsitsiya suka karɓo ta daga wata maƙwabciya. Tafiya da ita ba ta taso ba, domin kuɗin takardu da na jirgi ya fi ƙarfinsu, ga shi kuma gidan gandu za su sauka, inda ko su kansu sai an yi musu gyaran ɗaki.

A wata liyafar ban kwana wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Haba Malam, mage ce fa. Ranar tafiya ku buɗe mata ƙofa kawai. Mage ai ba ta kwana da yunwa."

Maman yaran ta ce, "A'a, Alhaji. Wadda tun da ta buɗe ido ba ta san komai ba sai kwanonta? Ga sanyi yana tahowa. Mu muka ɗauko ta, ba ita ta neme mu ba."

Aka buga waya wani gidan kula da dabbobi. Abu na farko da suka koya shi ne ba a ɗauko dabba a dire musu a ƙofa. Akwai layin jira, wani lokaci na makonni, domin ɗakunan a cike suke. Da lokacinsu ya zo ni na kai su a mota. Wata ma'aikaciya ta ba su fom mai shafuka. An tambayi shekarunta, da allurar rigakafin da aka yi mata, da ko an yi mata aikin hana haihuwa. An tambayi lambar 'yar ƙwayar nan mai girman shinkafa da ake sakawa a ƙarƙashin fata don a san mai dabba, wadda doka ta wajabta wa karnuka tun 2016, ta kuma wajabta wa maguna a Ingila daga Yunin 2024. An tambayi irin abincin da ta saba da shi, da inda take kwana, da abin da ke firgita ta. Sai aka zo tambayar da ta tsayar da biron Malam: ta taɓa cizo ko yakushi?

Ta taɓa. Autansu ya ja mata wutsiya, ta karce shi a hannu. Kuma duk ranar da gida ya cika da baƙi da hayaniyar yara, sai ta shige ƙarƙashin gado ta wuni. Malam ya yi ƙasa da murya ya ce da matarsa su bar wurin haka nan, kada su ɓata mata suna a rasa mai ɗaukarta. Ta ce, "Malam, ko akuya ka kai kara, in tana da aibi ai sai ka faɗa wa mai saye. Ka rubuta yadda abin yake." Ya rubuta.

Shafin ƙarshe ya fi kowane nauyi. Da zarar ka sa hannu, dabbar ta tashi daga taka. Ba ka da ta cewa a kan wanda za a ba, ba za a gaya maka unguwar da ta koma ba, ba ka kuma da damar dawowa bayan mako ka ce ka fasa. Babbar 'yarsu, wadda ba ta wuce shekara tara ba, ta ja rigar mahaifinta ta ce, "Abba, ka tambaye ta, in mun zo hutu za mu iya ganinta?" Ma'aikaciyar ta durƙusa ta gaya wa yarinyar gaskiya, cewa ba zai yiwu ba. Sannan ta roƙe ta ta bar wa magen tsohon bargon da suka shimfiɗa mata a kwando, domin ƙanshin gida yana kwantar wa dabba da hankali a baƙon wuri. Tun shigarmu har fitarmu ban ji matar nan ta furta kalma ɗaya ta zargi ba. Abin da ta ce kawai shi ne sun kyauta da suka kira da wuri.

Suna gab da tashi saƙo ya iso cewa an sami waɗanda suka ɗauke ta, wasu tsofaffi biyu, mata da miji, da babu ƙananan yara a gidansu. Tambayar nan da Malam ya so ya tsallake ita ta zaɓa mata gida. Da ya ɓoye, da wataƙila an ba wa masu jariri, ta karce shi, a dawo da ita da tambarin mugunta a takardarta, daga nan kuma samun gida na uku sai an sha wuya.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina, kuma inda na tsaya shi ne mutumin da ya ɗauki dabbarsa ya kai ta inda za a kula da ita, ya faɗi halinta tsakani da Allah, ya sa hannu yana jin zafin rabuwa, bai ci amana ba. Sauke ta ya yi. A Ingila na ga yadda ake yi wa irin waɗannan mutane gori, musamman a Facebook, inda za ka ga wanda bai san komai game da rayuwarsu ba yana cewa shi ko a titi zai kwana ba zai rabu da karensa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilan da ke kai mutum ƙofar gidan dabbobi sanannu ne. Mai gidan haya ya sayar da gida, sabon wurin kuma an ce ba a shiga da dabba. Tsohuwa ta faɗi ta karye, za a kai ta gidan kula da tsofaffi. Aure ya mutu. Aiki ya ƙare. Likitan dabbobi ya yanka kuɗin tiyata da ya fi albashin wata. A lokacin kullen korona mutane da yawa sun sayi 'yan kwikwiyo don su rage kaɗaici, da aka koma aiki kuma farashin abinci da wuta ya tashi, sai wayoyin waɗannan gidaje suka ɗau ruri. Ƙungiyar Dogs Trust ta ce a 2022 kaɗai ta sami kira fiye da 50,000 daga masu neman a karɓi karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba.

Gorin nan ba ya riƙe dabba a gidan da ya gaza. Abin da yake yi shi ne ya hana mutum ɗaga waya. Wanda ke tsoron a kira shi marar imani zai yi ta jinkiri har ranar da za a fitar masa da kaya waje, daga nan sai ya ɗaure karen a jikin turken fitila da tsakar dare, ko ya ajiye kwali a bayan kanti ya gudu. Dabbar da aka tsinta haka ta zo ba suna, ba tarihin lafiya, ba wanda zai ce tana tsoron maza ko tana shan magani kullum. A Ingila doka ta sa hukuma ta riƙe karen da aka tsinta kwana bakwai ko mai shi zai bayyana, kwana bakwai na jiran wanda ba zai zo ba.

Kada kuma a ɗauka gidan dabbobi aljanna ne. Keji keji ne, ko da an share shi an sa bargo. Akwai haushin karnuka dare da rana, akwai warin magani, akwai dabbar da za ta daina cin abinci don baƙin ciki. Tsoho da mai ciwo da wanda ya taɓa cizo sukan daɗe ba a waiwaye su ba, wasu kuma allurar mutuwa ce ƙarshensu. A Amurka, inda gidaje da yawa ke kashewa idan wuri ya cika, ƙungiyar ASPCA ta ƙiyasta, kafin korona, cewa dabbobi kimanin miliyan 6.3 ke shiga irin waɗannan gidaje a shekara, ana kashe kimanin 920,000 daga ciki. Saboda haka ne masu aikin suka fi son a taimaki mutum ya riƙe abinsa in da hali. A Birtaniya, ƙungiyar Blue Cross tana raba abincin dabbobi kyauta ga waɗanda talauci ya matsa. Cinnamon Trust, tun 1985, tana tura masu sa kai su fita da karnukan tsofaffi da marasa lafiya yawo, ta kuma karɓi dabbar in mai ita ya rasu. Dogs Trust tana da shirin ajiye karen macen da ta gudo daga mijin da ke dukanta har ta sami matsuguni, domin an lura akwai matan da ke zama cikin azaba don kada su bar dabbarsu a hannun mai dukan. A 2025 kuma majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta ba ɗan haya a Ingila damar neman izinin ajiye dabba, mai gida kuma ba zai ƙi ba sai da hujja.

To mu fa? A garuruwanmu kowa ya san yadda ake rabuwa da magen da aka gaji da ita. Buhu ake samu. A jefa ta ciki, a ɗaure baki, a ba yaro ya kai ta bayan gari ko bakin kasuwa, a kuma ja masa kunne ya yi nisa don kada ta gane hanya. Wani yaron ma ba ya kwance bakin buhun. In ta haihu, 'ya'yan da ko ido ba su buɗe ba ake kwasa a kwali a ajiye a juji, su yi ta kuka har rana ta gama da su. Karen gadi in ya tsufa, haƙora suka zube, sai a daina zuba masa tuwo, a yi ta korarsa har ya gane. Mafarauta na gaske, waɗanda suka san darajar kare, su ne kaɗai na ga suna jinyar tsohon karensu.

Kuma mu ne muka taso da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mu ne muka san labarin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Na taɓa jin wani yana kafa hujja da hadisin farko, yana cewa ai sakin dabba halal ne, tsarewa ce haram. Fatawa ta malamai ce, amma hankali ma ya isa ya raba tsakanin magen da aka bari tana yawonta a unguwar da ta sani, tana kama ɓera tana dawowa, da wadda aka ƙulle a buhu aka wurgar a gefen titin manyan motoci. Jaririn da bai buɗe ido ba, wane abinci zai nema?

Wani zai ce, a ƙasar da almajiri ke kwana da yunwa, 'yan gudun hijira suka cika makarantu, wa ke ta mage? Tambayar tana da nauyi, kuma ita ce dai aka yi wa Mary Tealby a 1860. Amma ban taɓa ganin yaron da ya ƙoshi don an jefar da mage a juji ba. Wanda na sani shi ne yaron da aka aika da buhun, ya ji abu yana motsi yana kuka a bayansa, ya koyi cewa abin da ya zama nauyi yar da shi ake yi. Tausayin dabba ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Masana tarihi sun ruwaito cewa Sarkin Masar Baibars, a ƙarni na 13, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da magunan da ba su da masu su.

Akwai kuma lissafin lafiya. Karen da aka kora ba ɓacewa yake yi ba. Yakan shiga garken karnukan juji, ba rigakafi, ba mai lura da shi ranar da ya fara dalalar da yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali allurar rigakafin karnuka a cikin ƙasa ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato.

Ba ina kiran a gina Battersea a Kano ko Maraɗi ba. Muna da abin da Landan ba ta da shi, wato mun san juna. Mai sito a Dawanau da ɓeraye suka addaba yana neman mage. Mai gona a bayan gari yana neman kare. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, gida ya yi mata faɗi. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya fara cigiya tun yana da sauran lokaci, a masallaci, a majalisa, a zauren WhatsApp na unguwa, maimakon ya bari sai daren tashi. Ya faɗa wa mai karɓa gaskiya: tana satar kifi, yana haushin masu babur, an yi masa allura ko ba a yi ba. Ya kai dabbar da kansa ya ga inda za ta zauna, kada ya aiki yaro. Bayan mako biyu ya leƙa ya tambaya. Wanda kuma ya san ba zai iya da 'ya'ya duk bayan 'yan watanni ba, ya nemi likitan dabbobi a yi wa namijin fiɗiya, macen a yi mata aikin hana haihuwa, domin mage ɗaya tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. In kuma an riga an haihu, a bar 'ya'yan da uwarsu su cika mako takwas, su iya cin abinci da kansu, sannan a fara neman masu so.